Hajiya Gambo Sawaba: 'Yar Baƙo Da Ta Riƙe 'Ya'yan Wasu

Yau hirarmu a kan wata mace ce wadda da wuya a sami wadda ba ta taɓa jin sunanta ba a cikinmu. Duk wadda ta taɓa kai ɗanta asibitin Ƙofar Gayan a nan Zariya ta ga sunan a rubuce a bakin ƙofa, watau Hajiya Gambo Sawaba. An san ta da siyasa, an san ta da shiga kurkuku, an san ta da rashin tsoro. Amma 'yar'uwa, in na tambaye ki daga ina mahaifinta ya fito, me za ki ce mini? Na tabbata da yawa daga cikinmu za su ce ai Bazazzagi ne, ko kuwa Bakano. To, ba ko ɗaya. Mahaifin Gambo baƙo ne daga ƙasar Gana, mahaifiyarta kuma Banufiya ce. Ta wannan gefen nake so mu dubi rayuwarta yau, domin a unguwanninmu akwai 'ya'yan baƙi da yawa, kuma a hannunmu mu mata suke tashi.

Sunan mahaifinta Isa Amartey Amarteifio. Wannan suna na mutanen Ga ne, mutanen bakin teku, waɗanda garinsu shi ne babban birnin Gana, wanda fatakenmu na dā ke kira Ankara. Ya yi karatun aikin safiyo a can ƙasarsu, tun ba a sa mata suna Gana ba, don sai a 1957 ta sami wannan suna da ta sami 'yancin kai. A 1910 ya zo Nijeriya ya kama aiki da Reluwe. Ki lura da shekarar. A daidai lokacin nan ne Turawa ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, har ta kai Kano a 1911, Zariya kuwa ta zama babbar mahaɗa, domin daga nan ne aka ja wata 'yar ƙaramar hanya zuwa wajen haƙar kuza a Jos. Aikin jirgi yana bukatar akawu, da safiyo, da makanike, da kafinta, a lokacin kuwa masu ilmin boko a Arewa ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka aka yi ta kwaso ma'aikata daga Ikko, da Saliyo, da Gana. A cikin wannan ayari Isa ya iso.

Da ya zo shi Kirista ne. A nan ya musulunta, ya ɗauki sunan Isa, ya auri Fatima, Banufiya daga ƙasar Lavun wadda yanzu ke cikin Jihar Neja, bazawara mai 'ya'ya 3 daga mijinta na fari da ya rasu. Allah ya ba su 'ya'ya 6 tare. Ta biyar ita ce aka haifa ran 15 ga Fabrairu, 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu. Da yake bayan tagwaye ta zo, sai aka bi al'adar Hausawa aka riƙa kiranta Gambo, har sunan yanka ya ɓace. Wannan abu yana ba ni sha'awa ƙwarai. Uba mutumin bakin teku, uwa mutuniyar bakin Kwara, amma sunan da 'yarsu ta amsa har ta koma ga Allah na Hausawa ne tsantsa. Gidan da ya bar maƙwabta suka sa wa ɗansa laƙabi, gida ne da bai rufe ƙofarsa ba.

Sai ki san irin Zariyar da ta tashi a ciki, sa'an nan za ki gane abin da nake nufi. Turawa sun kasa garin kashi-kashi. Birni, cikin ganuwa, na Zage-zagi ne, ƙarƙashin Sarki. Bariki na Turawa. Sabon Gari, kusa da tashar jirgi, an yanka shi don baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa, Yarbawa, da Ibo, da Nufawa, da mutanen Gana da Saliyo, har da Hausawan da suka zo cin kasuwa. Tudun Wada kuwa, daga bakin ganuwa, an yi shi don 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin Birni ba. Ashe ke nan mu da ke zaune a wannan gefe, a ƙasar baƙi muke tun asali. Ko unguwarmu ta Tudun Jukun, ai sunan wata ƙabila ce take ɗauke da shi. Shi ya sa nakan yi dariya in na ji wata a nan tana ɗaga hanci tana cewa su wance ba 'yan gari ba ne. Ki tambayi kakarki daga ina suka taso, ki sha labari.

An sa Gambo a makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada. A shekarun nan ba kowane uba ne ke yarda 'yarsa ta taka ƙofar makarantar boko ba, yawancin iyaye gudu suke yi su ɓoye yaransu. Shi Isa daga ƙasar da boko ya daɗe da kafuwa ya fito, ya kuma ci abinci da shi, don haka bai ga abin tsoro a ciki ba. Ga riba ɗaya ta haihuwa tsakanin al'adu biyu: abin da gefe ɗaya ke gudu, ɗaya gefen ya san amfaninsa.

Tun tana ƙarama ta yi suna wajen faɗa, amma ba faɗan banza ba. In ta tarar babba na cin zalin ƙarami, sai ta janye ƙaramin gefe ta ce ta sayi faɗan, ta shiga. Kullum ta dawo gida da riga a yage, har mahaifiyarta ta gaji da ɗinki ta koma yi mata riga da yadin tamfol. Haka kuma tana da wani hali da ya ba mutane mamaki: masu taɓin hankali da yara ke jifa a titi, ita takan tsaya ta yi magana da su, ta ba su abinci ko tufa. Ni malamar makaranta ce, kuma na lura da wani abu a cikin aji. Yaron da aka taɓa yi wa dariya saboda sunan ubansa ya yi wa baki nauyi, ko don Hausarsa ta karkace, ɗayan biyu ne. Ko dai ya koma lungu ya yi shiru, ya daina ɗaga hannu, ko kuwa idonsa ya buɗe ya riƙa hango duk wanda aka ware. Wanda zai zama a cikin biyun nan, yawanci daga gida ake yanke shi, daga irin abin da uwa ke gaya masa in ya dawo yana kuka.

A 1943 mahaifinta ya rasu, tana da shekara 10. Bayan shekara 3 mahaifiyarta ta bi shi. Karatu ya tsaya ke nan. Tana da shekara 13 aka yi mata aure da wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Hitila, auren kuwa bai daɗe ba, mijin ya tafi ya bar ta da goyon 'ya mace.

A nan nake so mu tsaya kaɗan, 'yar'uwa, domin a nan ne ciwon yake. In ɗan gari ya mutu ya bar marayu, akwai baffa, akwai gwaggo, akwai kaka a bayan gida, akwai gonar gado. Wani zai ɗauki wannan, wata ta ɗauki wancan. Baƙo fa? Danginsa suna can inda sai an yi kwanaki a jirgi da mota, wataƙila ma sun yi fushi da shi don ya bar addininsu ko ya auri wadda ba tasu ba. Ranar da ya faɗi, 'ya'yansa ba su da bango sai maƙwabta. Mukan ce ɗa na kowa ne, amma da bakinmu kawai. Yarinyar da ta iya tsayawa gaban taron maza ta yi jawabi ba takarda a hannu, ina za ta kai da an bar ta ta gama makaranta? Garin da ya ba ta suna bai ba ta wanda zai tsaya mata a kan karatu ba. Ban faɗi haka don zargin mutanen dā ba, zamaninsu ne. Na faɗa ne don har gobe abin yana faruwa. Maigadi mutumin Nijar ya rasu, ko tela mutumin Gana, ko birkila mutumin Togo, kafin a yi sadakar arba'in an cire 'yar daga aji an ɗora mata tallan gyaɗa, mu kuwa muna kallo ta katanga.

Ran 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta. Jam'iyyar talakawa ce, kirarinta Sawaba, tana adawa da zaluncin En'e, da aikin tilas, da harajin da ya fi ƙarfin talaka. Gambo ta shiga tana da shekara 17, lokacin da reshen Zariya ke yin taronsa a ɓoye don tsoron 'yan doka. Wata rana ana lacca a Zariya, maza cike da fili, an rasa mai ƙarfin halin tashi, sai ga yarinya ta hau dandamali ta yi magana. Daga nan sunanta ya tafi, kirarin jam'iyya ya manne mata, ta zama Gambo Sawaba, aka kuma zaɓe ta shugabar matan NEPU.

Wani abin da ta yi wanda ba kowace 'yar Arewa ta lokacin za ta yi ba shi ne, ta kama hanya ta tafi Abeokuta takanas don ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta haɗa kan matan kasuwa a kan haraji har Sarkin garin, Alake Ademola, ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Ga mutanen Birni a wancan zamani, Kudu wata duniya ce, ƙasar da ba a san harshenta ba, ba a cin abincinta. Ga wadda ta tashi tana jin Yarbanci da Nufanci da Turanci a bakin tashar jirgi, Abeokuta gari ne kawai a kan hanyar dogo. Ta je, ta ga yadda ake tara mata, ta dawo ta shiga gida-gida tana yi wa matan kulle bayani. Namiji ba ya shiga, baƙuwar da ba ta san gaisuwa da zaman tabarma ba ita ma ba za a saurare ta ba. Gambo ta san duka biyu. Ta iya tsugunawa ta gai da uwargida yadda ya kamata, ta kuma iya tsayawa gaban ɗan sanda ta ba shi amsa.

Abin da ta nema ba boyayye ba ne: a daina aurar da yara ƙanana, a sa 'ya'ya mata makaranta, a ba matan Arewa ikon jefa ƙuri'a. Na farkon nan ba a littafi ta karanta shi ba, a jikinta ta gani. Ta kuwa biya kuɗinsa da tsada. An ɗaure ta har sau 16. An kama ta a Kano tare da waɗansu mata a kan yin taro ba izini, an kuma hana ta zama a garin. 'Yan banga sun yi mata dūka har suka zubar mata da haƙoran gaba. Ta kai har tana da bargo na musamman da ta ajiye don ranar da za a zo kama ta. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu suka jefa ƙuri'a, na Arewa suna gida. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, zamanin Janar Obasanjo, aka buɗe mana ƙofa, sa'an nan babban zaɓe na 1979. Duk ranar da kika bi layi kika dangwala yatsa, ki tuna haƙoran wata aka zubar kafin a kai nan, kuma 'yar mutumin Gana ce.

Da aka dawo siyasa a 1978, ba ta bi Malam Aminu zuwa PRP ba, sai ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaba ta ƙasa. A cikin wannan jam'iyya tata ne aka yi wani abu da ya shafi maganarmu kai tsaye. A watan Janairu 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, suka tsallaka da shi iyaka suka ajiye a ƙasar Cadi, wai mahaifinsa ɗan can ne, don haka shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa! Aka je kotu a Maiduguri, kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ya dawo gidansa. Kin ga ke nan, asalin uba makami ne da ake ajiyewa a ƙarƙashin gado, ba a fito da shi sai ranar da aka rasa abin da za a ce da mutum.

Wannan wasa kuwa ƙasashen biyu na Gambo duk sun buga shi. Hausawa sun fi shekara ɗari suna zaune a zangunan Gana, tun zamanin fataken goro na Gwanja, a Salaga, da Kumasi, da Sabon Zango na Ankara. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako 2 su fita, mutanenmu da yawa suka dawo da 'ya'yan da ba su taɓa ganin Nijeriya ba. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, mutanen Gana wajen miliyan 1 suka kwashe kayansu, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta sami suna Gana-mas-go, wadda yau kowace amarya ke da ita a ƙarƙashin gado. Manya ke sa hannu a takarda, amma yaran da aka cire daga aji a tsakiyar zangon karatu su ke ɗaukar kayan.

Tun da mun zo nan, bari in gaya miki abin da doka ta ce, don na ga mata da yawa ba su sani ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Ɗaya aka ce, ba a ce sai uba ba. Saboda haka ke da kika auri mutumin Nijar ko Gana ko Kamaru, 'ya'yanki 'yan Nijeriya ne ta wajenki, kada wani ya ruɗe ki. Inda doka ta yi son kai shi ne sashe na 26: baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba a ba shi wannan hanya ba. Inda aka fi shan wuya kuma shi ne takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga babbar makaranta da ɗaukar aiki, don an saba bin garin uba. Shawarata, ki yanki takardar haihuwa tun jariri na cikin zanen goyo, ki adana ta tare da taki shaidar, kada ki bari sai yaro ya gama sakandare ki fara yawon ofis-ofis.

Sai harshe. Iyaye baƙi da yawa suna hana yaransu yaren gida, wai kada a gane su a waje, ko kada Hausa da Turanci su gagare su. Wannan kuskure ne, kan yaro ba tulu ba ne da zai cika ya zube. Hausa dai ko an ƙi ko an so zai ɗauke ta a wajen wasa cikin 'yan watanni. Wanda ke ɓacewa shi ne na gida, ranar da kaka ta zo ziyara sai a zauna ana kallon juna kamar kurame. A ajina nakan sa yaro ya koya wa 'yan'uwansa yadda ake gaisuwar safe da Zabarmanci ko Nufanci ko Yarbanci, sai ki ga wanda jiya yake ɓoye sunan garinsu yau ya zama malami, har ana roƙonsa ya ƙara. Kakanninmu ma sun san dabarar zama da baƙo, shi ya sa suka ƙirƙiro wasan barkwanci tsakanin Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarbawa, da Fulani da Barebari, mu kuma Zage-zagi da Kanawa. Amma wasa tsakanin manya da suka san juna daban, gori a kan yaro ɗan shekara 7 daban. Yaranmu ba su san bambancin ba sai mun nuna musu, kuma daga bakinmu suke ɗauka, a tsakar gida, lokacin da muke tsammani ba sa ji.

Mu koma ga Hajiya. Bayan siyasa ta lafa, gidanta na Sabon Gari bai taɓa zama shiru ba. Ita da ta haifi 'ya ɗaya, ta riƙe yara wajen 30, waɗansu na dangi, waɗansu kuwa ba ta haɗa jini da su ba ko kaɗan, marayu da waɗanda aka yar. Ta ci da su, ta tufatar da su. Halin nan na ƙuruciya na kula da masu taɓin hankali da marasa galihu bai bar ta ba har tsufa. Abin da aka kasa yi mata tana da shekara 13, shi ta yi ta yi wa 'ya'yan wasu, kuma ba daga cikin wata dukiya mai yawa ba, don ba ta tara abin duniya ba.

Ta rasu a Zariya a watan Oktoba 2001. Ban da asibitin Ƙofar Gayan, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero da ke ɗauke da sunanta, a Kano, garin da aka taɓa hana ta kwana a cikinsa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Malam Isa da Fatima da suka haife ta, amin.